Ƙafafun Celestine

Ina cikin zuba wa ɗalibai shinkafa Koci Remi ya shigo rumfata a Samaru, ya zauna kan benci ko gaisuwa babu. Mutumin da kullum tun daga bakin titi yake ƙwala mini kira in ajiye masa kan kifi, ranar sai ya zauna shiru yana juya usur ɗinsa a hannu.

"Koci, da wake ko ba wake?"

"Maman Happy, ki ajiye ludayin nan tukuna."

Ban ajiye ba.

"Celestine ne," ya ce. "An kai wa sansaninsu hari can Darfur. Yanzu aka kira ni daga bariki."

"Ya ji ciwo?"

"Ya rasu."

Wata ɗaliba tana ta miƙo mini kwano wai in ƙara mata miya. Na ƙara mata. Na rufe tukunya. Sannan na juya na kwaɗa wa Koci ludayin a ƙirji, manja ya wanke masa farar riga har ciki. Bai ko goge ba.

"Uwarsa ta sani?"

"Shi ya sa na fara zuwa wurinki. Na ga ke za ki fi iya gaya mata."

"Ranar da za ka kai shi soja ba wurina ka fara zuwa ba."

Na bar wa 'yata Happiness rumfar, na hau motar Sabon Gari da zanen aikina duk toka.

Sunana Lucia. Ba ni na haifi Celestine ba. Gidan haya ɗaya muke da uwarsa Ebele a Unguwar Gabas, bango ɗaya ya raba ɗakina da nata, in ta yi tari ina ji. Daga gabas suka zo ita da mijinta, mijin ya mutu yaron bai shiga makaranta ba. Ebele busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, da sassafe ta fita, sai rana ta faɗi ta dawo. Ni a lokacin a ƙofar gida nake suyar ƙosai, saboda haka a gabana ya tashi. Hausarsa ta fi yaren uwarsa kyau. In ta yi masa faɗa da Ibo, da Hausa yake ba ta haƙuri.

Tun yana ƙarami ba ya tafiya. In ka aike shi sayen gishiri da gudu zai je, da gudu zai dawo, rabin gishirin a hanya. Da ya girma sai ya riƙa gudu daga Sabon Gari zuwa Samaru kowace safiya, yana wuce motocin haya in sun tsaya ɗaukar fasinja. 'Yan acaɓa suka riƙa tsokanarsa wai zai kashe musu kasuwa, daga nan sunan ya bi shi, kowa Acaɓa. A filin wasa na Samaru Koci Remi ya gan shi ya ɗauke shi. Ya yi wa jiha tsere, ya yi wa ƙasa, har jirgin sama ya hau ya je ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Gudu ne sana'arsa kamar yadda kifi yake sana'ar uwarsa. Da gudu ya saya mata firij, da gudu ya canza mana kwanon gidan da yake yoyo, har ɓangarena.

Babana maɗori ne a ƙauyenmu, a wurinsa na koyi jan targaɗe da gashi. Duk ranar da Celestine ya dawo daga atisaye sai ya kife turmi ya zauna, ya ɗora mini ƙafafu a cinya. Ruwan zafi, tsumma, man kaɗanya.

"Mama Lu, a hankali mana. Ƙafar Najeriya ce fa a hannunki."

"Ƙafar Najeriya mai warin daddawa. Miƙo ɗayar."

"Wallahi in na ci gwal zan ce a rediyo ke ce likitana."

"Ka ce musu likitan tana bin ka kuɗin wankan ƙafa da sabulu."

Haka muka yi shekaru, tun ƙafar tana shiga tafin hannuna har ta fi faranti.

Ranar da Koci ya kawo wani Manjo gidanmu ina nan. Suka zauna a tsakar gida, Ebele ta sayo musu lemo. Manjon mai fara'a ne, yana ta dariya yana dukan cinya.

"Madam, mu ƙafarsa muke so, ba hannunsa ba. Bindiga sai dai a hoto. Gudu kawai zai yi mana, ya ciyo mana kofi, ga albashi, ga fansho."

Daga bakin ƙofata na ce, "Yallabai, in gudu kuke so, me zai sa sai ya sa kaki?"

Koci ya juyo ya ce, "Maman Happy, wannan maganar iyali ce."

Na koma ɗaki na ja labule. Har yau in na tuna labulen nan sai in ji zuciyata tana tafasa.

Shi ma Celestine yana so, ba zan ɓoye ba. Da yamma ya zo ya same ni ya ce, "Mama Lu, ƙafa tana tsufa. Kin ga wanda ya riƙe kambu kafin ni? Yana nan yana gadi a gidan mai. Ba na son in ƙare haka." Na ce to. Me zan ce?

Ya ciyo musu kofunan. Aka sa hotonsa a kalandarsu. Shekarar da wani sabon yaro ya wuce shi, Celestine ya zo na huɗu, shekarar aka tuna ashe soja ne, aka sa sunansa cikin masu tafiya Darfur. Manjon mai dariya an riga an canza masa wurin aiki, ba wanda ya san inda yake. Koci ya ce kar mu damu, kiyaye zaman lafiya ne, zama kawai za su yi a tanti su dawo.

Duk wannan yana yawo a kaina har motar ta sauke ni a kasuwa. Na tarar da Ebele tana auna wa wata mata kifi. Na jira matar ta tafi, na tsugunna kusa da ita na gaya mata yadda aka gaya mini, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta kalle ni. Ta ci gaba da jera kifinta.

"Wa ya gan shi?"

"Daga bariki aka kira Koci."

"Na ce wa ya gan shi da ido? Lucia, ke ma? Ke da kika san shi? Wa zai kamo Cele? In an fara harbi, kafin su ɗaga bindiga ya yi nisa. Yana wani ƙauye yanzu yana neman hanyar gida."

"Maman Cele..."

"Ba ki ji na matar nan ta Jushi ba? An kawo mata akwati, ta binne, ta yi makoki, bayan shekara aka ga ɗanta a tasha yana cin rake. Ni ba za a yi mini haka ba."

Labarin matar Jushi kowa ya ji shi, ba wanda ya taɓa ganin matar. Amma Ebele ta riƙe shi da hannu biyu.

Makonni aka yi kafin a kawo gawar, kuma a makonnin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ebele ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Masu zuwa gaisuwa ta kore su da tsintsiya. Fadan cocinmu ya zo maganar Mas, addu'ar da ake yi wa mamaci, ta ce ba a yi wa mai rai Mas ɗin matattu. Ta daina zuwa kasuwa, wai kar ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle. Ta daina cin abinci sai shayi, wai ta yi wa Maryamu alkawarin azumi har sai ya shigo. Kullum tana kan kujera a bakin zaure, waya a cinya, ido a titi. Duk wanda ya gifta da gudu sai ta miƙe. Wuyanta ya zama kamar kara. Na san in aka binne akwatin nan ba ta yarda ba, a kan kujerar nan za mu ɗauke ta. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, ni ma na fara waiwayawa in na ji sawun gudu.

Da hantsi suka zo, ranar wata Juma'a, ƙasa da danshin ruwan da aka yi. Babbar motar soja ta tsaya ta toshe layinmu. Sojoji suka shigo da akwati lulluɓe da tuta suka ɗora a kan benci biyu a tsakar gida. Shugabansu wani Kyaftin ne, yaro, bai fi sa'ar Happiness ba, Hausarsa tas. Matan Zumunta na cocinmu sun riga sun cika gidan cikin ankonsu, da tukwanen kiɗa da caki. Koci ma yana nan cikin baƙin kwat.

Kyaftin ya cire hula ya rusuna wa Ebele. Ya ce za a yi addu'a a nan kaɗan, a wuce coci, daga coci maƙabarta, masu harbin ban girma suna can suna jira.

Ebele ta zagaya akwatin. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Buɗe."

"Mama, an ba ni umarni ba za a buɗe ba."

"Ni ban haifi katako ba. Buɗe in ga abin da kuka kawo."

"Ki yi haƙuri, Mama. Ga takarda, ga lambarsa a jiki."

"Lamba na shayar? To ku ɗauki kayanku ku mayar inda kuka samo. Ba nawa ba ne."

Ta koma kujerarta a bakin zaure ta zauna, ta juya wa akwatin baya.

Koci ya matso yana rage murya. "Maman Cele, kar mu ba da kunya. Manya suna jira a coci, har da 'yan jarida."

Kyaftin ya duba agogo, ya yi wa sojojinsa alama su ɗauka. A nan ne na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Zumunta, ku zauna!"

Gidanmu ƙofa ɗaya ce, ta zauren nan mai ƙunci. Matan ba su tambaye ni dalili ba. Suka shige zauren suka zazzauna a ƙasa, cinya na gugar cinya, tsofaffi a gaba, har bakin titi. Wata ta buga tukunya, suka ɗauki waƙa. Sojoji suka tsaya da akwati a kafaɗa. In za su fita sai sun taka uwar wani.

"Mama, me ke nan?" in ji Kyaftin.

"Zama muka yi, Yallabai. Mu zaman makoki ba baƙonmu ba ne, har kwana muna yi. Ku ne masu agogo."

Suka sauke akwatin.

Ana cikin haka wani soja ya taɓa mini hannu, ya ja ni bayan rijiya. Na gane shi, Kehinde ne, abokin Celestine, ya sha cin abincina. Idonsa ja wur.

"Mama Lu, don Allah kar ki bari ta ga fuskar." Ya rage murya. "Babu fuskar."

Na dafa bakin rijiya.

"Kai ka gan shi? Shi ne?"

"Ni na ɗauko shi."

"Yaya aka yi?"

"Sun zagaye mu tun kafin gari ya waye. Oba-obar da muke kiran taimako da ita ta mutu, harsashi yana ƙarewa. Akwai 'yan uwanmu a wani sansani can gaba, dole wani ya je ya gaya musu. Oga ya ce, wa ya fi gudu a nan? Mama, ba wanda ya faɗi sunansa. Juyawa kawai muka yi muka kalle shi, dukanmu. Har ni."

"Sai ya tafi."

"Ya yi dariya ma. Ya zauna ya cire takalminsa, dama ya yage, da waya yake ɗaure shi. Ya ce nauyi zai yi masa. Ya miƙo mini ya ce in riƙe masa ya dawo. Mama, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ya kusa kaiwa. Wallahi ya kusa."

Yana faɗa yana kallona kamar zai ji na ce madalla. Da ba don hawayen da ke fuskarsa ba, da na tsinka masa mari. Ƙafarsa muke so, in ji Manjo. To ga shi sun samu.

Na koma tsakar gida na tsaya gaban Kyaftin.

"Ba fuska za mu duba ba. Ƙafa. Ku buɗe, mu rufe shi da zane daga gwiwa zuwa sama, ba wanda zai ɗaga. Ƙafa kawai."

"Wa zai gane mutum da ƙafa?"

"Wanda ya wanke ta."

Ya dubi zauren, ya dubi Ebele, ya sake duban agogo. "Mama, za a hukunta ni."

"Za a hukunta ka, ka warke. Matar can in ba ta gani ba mutuwa za ta yi. Dube ta da kyau, ka ga alamar ta ci abinci?"

Ya juya ya dubi Ebele. Sannan ya kira sojoji biyu suka naɗe tutar a hankali yadda suke yi, ya rungume ta a ƙirji. Ya ce wa sauran su juya su fuskanci bango. Obi mai gyaran rediyo da ke ɗakin ƙarshe ya kawo sukundireba. Shugabar Zumunta ta kwance zanenta na sama, ita da wata suka riƙe, ana ɗaga murfi suna shimfiɗawa, har ba wanda ya ga abin da ba a so a gani. Warin magani ya cika gidan. Matan suka daina waƙa.

Abin da na fara gani takalmi ne. Sabo fil, baƙi, yana sheƙi. Na leƙa ƙasansa, ko ƙwayar yashi babu, bai taɓa taka ƙasa ba. Yaron da ya yi watanni yana ɗaure nasa da waya, sai da ya mutu aka samo masa sabo. Kuma ya yi masa girma, da na kwance igiyar ko ja ban yi ba ya fito. Na cire safar.

Na gane tun kafin safar ta gama fita. Amma ba ni ce mai bukatar ganewa ba.

"Maman Cele, zo."

Ba ta motsa ba. Mata biyu suka taso da ita, suka kawo ta. Ta sunkuya ta kalli ƙafafun. Sun yi baƙi, sun bushe kamar itace. Ta kalla, ta kalla. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Ban sani ba, Lucia. Ban san su ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni na haife shi, ban san ƙafarsa ba."

"Kina kasuwa kina nema masa abinci. Kawo hannunki."

Na kama hannunta na ɗora a ƙafar hagu.

"Taɓa nan. Kin ji yatsan nan ya hau kan babban? Yana aji uku ya karya shi, garin tsallake layin dogo. Ni na ɗora, bai zauna daidai ba, muka ce miki tuntuɓe ya yi. Nan kuma, dunduniya, kin ji tabo kamar ƙugiya? Kwalba ce a bayan tasha, ranar da kika aike shi kai wa mai mota kifi. Ya roƙe ni kar in gaya miki don kar ki hana shi fita. Wannan farcen kuma tun tseren Legas ya fita, bai sake tsirowa daidai ba."

"Tseren Legas," ta ce. "Ya dawo yana ɗingishi. Na ce ya sa takalmi zuwa coci, ya ce ba zai iya ba. Na zage shi."

"Shi ne."

"Lucia, kar ki yi mini ƙarya don ki lallashe ni. Allah yana ganinki."

"Yana ganina. Cele ne. Ɗanki ne."

Ta riƙe yatsan nan da hannu biyu. Sai ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin mutum ba, har kajin gidan suka watse. Ta durƙushe, ta kifa goshinta a tafin ƙafarsa, tana kiransa da wani suna na yarensu da ban taɓa jin ta kira shi da shi ba. Matan suka fashe da kuka. Wani soja da ke fuskantar bango kafaɗunsa suna ta rawa.

Da aka janye ta na ɗaga ƙafar dama don in mayar da ita daidai, sai na ji abu ya soke ni. Na duba. Ƙaya ce. Tafin ƙafar duk ƙaya, ƙanana da manya, sun karye a ciki. Wanda ya shirya gawar ya goge takalmi har yana ɗaukar ido, amma bai ga wannan ba, ko ya gani ya ja safa a kai.

"Happiness ba ta iso ba? To wata ta kawo mini ruwan zafi a ɗakina, da allura, da man kaɗanya a kan taga."

"Mama, lokaci," in ji Kyaftin, amma a hankali.

"Lokacin ya jira."

Na ja turmi na zauna. Na cire su ɗaya bayan ɗaya, ina tarawa a murfin kwalbar man. Wasu sun yi nisa, sai da na tona. Na wanke ƙafafun, na goge, na shafa mai har tsakanin yatsu. A hankali na yi, ko da yake babu mai ce mini in yi a hankali.

Da na gama Kyaftin ya ɗauko takalmin ya miƙo mini.

"A mayar masa, Mama. Da cikakken kaki ake binne soja."

"Da shi ya mutu?"

Ya ƙara miƙo mini takalmin.

"Na ce da shi ya mutu? Kehinde, gaya wa oganka."

Kehinde yana fuskantar bango ya ce, "Ba takalmi, Oga."

"To haka zai tafi."

Na kwance ɗankwalina na naɗe ƙafafun biyu, na tsaya kaina a buɗe a gaban maza, ban damu ba. Koci ya matso zai yi magana, wai hoto, wai mutunci. Na nuna masa murfin nan mai cike da ƙaya, na kai shi daf da hancinsa.

"Ga kofinka, Koci. Na ƙarshe ke nan. Ka kai wa Manjo."

Ya ja da baya. Bai karɓa ba.

Obi ya mayar da murfin akwati ya ɗaure. Aka sake shimfiɗa tuta. Matan suka tashi daga zauren suna kakkaɓe zane, suka ba da hanya. Kyaftin ya tsaya da takalmi a hannu bai san inda zai sa shi ba, ga tawaga ta fara fita. Daga ƙarshe ya ajiye shi a bakin ƙofata.

"Kayan gwamnati ne, Mama. Ki ajiye, za a turo wani daga sito ya karɓa."

"A turo. Ina nan."

A maƙabarta an yi harbi sama, an busa ƙaho. Wani babba ya yi jawabi da Turanci, ya kira sunan ba daidai ba har sau biyu. Koci ya ce za a riƙa yin tsere duk shekara daga Sabon Gari zuwa Samaru da sunan Celestine. An yi sau ɗaya. Ban je ba, na rufe rumfa ranar don kar su wuce ta gabana.

Da muka dawo gida na dama kunu na kai wa Ebele. Ta karɓa ta sha, tana sha tana kuka, ta miƙo kofin na ƙara mata. Washegari ta sa baƙin kaya, ta aika a kira Fada. Kujerar bakin zaure ni na ɗauke na mayar mata ɗaki, ba ta hana ni ba. Bayan ta fita makoki ta sayar da firij ta koma garinsu wurin ƙanwarta. Takan kira ni lokacin Ista. Tana da rai, har ta yi ƙiba, in ji ta.

Daga sito ba wanda ya zo karɓar takalmin. Happiness ta ce in bayar, wani ɗan gadi ya ce in sayar masa. Na ce ba nawa ba ne, na gwamnati ne, kuma ina so wanda zai karɓa ya zo da ƙafarsa ya tsaya a tsakar gidan nan, ina da maganar da zan gaya masa.

Yana nan a bakin ƙofata, ƙarƙashin kwano inda ruwa ba ya taɓa shi. Fatar ta fara tsagewa. Kowace safiya kafin in tafi Samaru nakan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, in kife, in buga a bango saboda kunama, in mayar da su inda suke.